Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Zaɓen Littattafan Tsira a Jeji da Lokacin Bala'i

Makasudin darasi: Iyaye su san irin littattafan da ke koyar da ceton rai a jeji da lokacin bala'i, su iya rarrabe mai amfani da mai cutarwa, su kuma san yadda za su karanta su tare da 'ya'yansu.

Gabatarwa

Da safiyar 26 ga Disamba 2004, wata yarinya 'yar Ingila mai suna Tilly Smith, 'yar shekara 10, tana bakin teku tare da iyayenta a tsibirin Phuket na ƙasar Tailan. Sai ta lura ruwan yana ta kumfa, yana wani irin motsi da ba a saba gani ba. Mako biyu kafin wannan rana, malaminsu na labarin ƙasa ya koya musu alamun babbar igiyar ruwa da ake kira tsunami. Yarinyar ta matsa wa iyayenta, su kuma suka faɗa wa ma'aikatan otal, aka janye mutane kusan 100 daga bakin tekun. Igiyar ranar ta hallaka fiye da mutum 200,000 a ƙasashe da dama, amma mutanen wannan gaɓa sun tsira.

Yarinyar ba ta fi manyan da ke wurin ƙarfi ko wayo ba. Ta dai riga ta koyi abin tun ana zaune lafiya. Ranar da masifa ta zo ba ranar buɗe littafi ba ce, gama a ranar hannu yana rawa, hankali kuma a tashe yake. Abin da mutum ya karanta ya riƙe tun da, shi kaɗai zai tashi ya yi masa aiki.

1. Dalilin da ya sa iyali ke bukatar irin wannan karatu

Ba sai an je Tailan ake ganin bala'i ba. A shekarar 2012 ambaliya ta mamaye garuruwan da ke bakin kogin Binuwai da na Kwara, bayan ruwan sama mai yawa da kuma sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, ta ce mutum 363 suka mutu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda ruwa ya ci sun haura 600. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. A watan Mayu 2025 kuma ruwa ya share unguwanni a Mokwa ta jihar Neja, ya kashe fiye da mutum 150.

Jeji ma bai yi nisa ba. Iyalai da yawa sun kwana a daji ko a kan duwatsu saboda gudun tashin hankali, ba su shirya ba, ba su ɗauki ruwa ko magani ba. Manomi yakan gamu da maciji a gona mai nisa da asibiti. Mota takan lalace a hanyar da babu gari. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara, a hamadar arewacin Nijar, bayan motocinsu sun lalace a kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta gama da su.

A irin waɗannan lokatai wuta takan ɗauke, waya takan mutu, sabis yakan yanke. Littafi na takarda ba ya bukatar caji. Wannan kaɗai ya isa dalilin da kowane gida zai ajiye biyu ko uku.

2. Iri uku na littattafai

Littattafan wannan fanni sun kasu uku, kowane kashi da aikinsa. Gidan da ya tara kashi ɗaya kaɗai yana da giɓi.

Kashi na farko shi ne littattafan koyarwa, masu nuna yadda ake yin abu mataki bayan mataki. Ga iyalin ƙasar nan, wanda ya fi cancanta a fara da shi shi ne Where There Is No Doctor na David Werner, wanda sunansa ke nufin wurin da babu likita. Marubucin ya tsara shi ne daga aikin da ya yi a ƙauyukan kan duwatsu na yammacin Meziko. Da Sifaniyanci aka fara buga shi, na Turanci ya fito a 1977, an kuma fassara shi zuwa harsuna fiye da 80. Akwai bugu na musamman don Afirka. Turancinsa mai sauƙi ne, zane-zanensa suna da yawa, yana kuma bayyana alamun da idan an gan su dole a nufi asibiti. Sai a haɗa shi da littafin taimakon farko na ƙungiyar Red Cross ko ta St John Ambulance, wanda ke koyar da tsayar da jini, ɗaure karaya, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Game da zaman jeji kuwa, wanda ya fi shahara shi ne SAS Survival Handbook na John Wiseman, tsohon sojan Birtaniya, wanda ya fito a 1986. Ya ƙunshi neman ruwa, hura wuta, yin bukka, gane hanya, da yi wa masu ceto alama, a hamada da kurmi da teku da ƙasashen sanyi.

Kashi na biyu shi ne labaran gaskiya na waɗanda suka shiga halin mutuwa suka fita. Waɗannan ba sa koyar da ɗaure igiya, amma suna nuna abin da ke riƙe zuciyar mutum. Endurance na Alfred Lansing, wanda aka buga a 1959, ya ba da labarin Ernest Shackleton da mutanensa, waɗanda ƙanƙara ta murƙushe jirginsu a tekun Antatika a 1915. Su 28 ne. Shackleton da mutum biyar suka ratsa teku wajen kilomita 1,300 cikin ƙaramin kwalekwale domin neman taimako, a watan Agusta 1916 kuma aka kwaso sauran, ba a rasa ko ɗaya ba. Duk mai shugabancin gida zai ƙaru da ganin yadda ya raba abinci da adalci, ya ba kowa aiki, ya kuma jawo masu gunaguni kusa da shi domin kada su karya zuciyar sauran. Akwai kuma Alive na Piers Paul Read, na 1974, a kan jirgin saman ƙasar Yurugwai da ya faɗi a duwatsun Andes a watan Oktoba 1972. Cikin mutum 45, 16 ne suka rayu bayan kwana 72. Wannan littafi na manya ne, gama ya faɗi abin da yunwa ta tilasta musu ci ba tare da ɓoyewa ba. Wajibi ne iyaye su fara karanta shi kafin su miƙa wa saurayi ko budurwa.

Kashi na uku shi ne littattafan da ke nazarin halin ɗan Adam a cikin haɗari. The Unthinkable na Amanda Ripley, na 2008, ya nuna cewa yawancin mutane sukan bi matakai uku: su fara da musun abin da idonsu ke gani, sai su tsaya shawara, daga baya su ɗauki mataki. Rayuka da yawa a mataki na farko ake rasa su. Duk wanda ya taɓa ganin maigida yana cewa ruwa bai taɓa kaiwa wannan unguwa ba, alhali ruwan yana bakin ƙofa, ya san gaskiyar wannan magana. Amfanin irin wannan littafi shi ne mutum ya gane wannan rauni a kansa tun bai kama shi ba.

3. Ma'auni biyar na gane littafi mai kyau

Ba kowane littafi mai hoton wuƙa da wuta a bangonsa ne abin dogara ba. Kafin a fitar da kuɗi, a auna shi da waɗannan tambayoyi.

Na ɗaya, wane ne ya rubuta? A duba ko likita ne, ko ma'aikacin ceto, ko soja, ko wata sananniyar ƙungiyar agaji. Wannan tambaya ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. A 2023 masana tsirrai a Amurka sun yi gargaɗi a kan littattafan tsintar naman kaza da ake sayarwa a intanet, waɗanda na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta aka liƙa musu sunayen marubutan da babu su. Kuskure ɗaya a irin wannan littafi yana iya kai mutum kabari. Littafin da ba a san marubucinsa ko kamfanin da ya buga shi ba, a bar shi a kan kanta.

Na biyu, yaushe aka buga shi? Ilimin taimakon farko yana canzawa. Tsofaffin littattafai da yawa sun koyar da cewa idan maciji ya sari mutum a tsaga wurin, a tsotse dafin, a ɗaure ƙafar tamau da igiya. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana duka ukun, domin ba sa fitar da dafi, ɗaurin kuwa yana iya ruɓar da ƙafar har a yanke ta. Baƙin dutsen da ake ɗorawa a kan sara shi ma ba ya magani. Abin da ake koyarwa a yau shi ne a kwantar wa mutumin da hankali, a cire zobe da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi, irin na Kaltungo a jihar Gombe wanda ya yi suna wajen jinyar saran kububuwa. Haka kuma wajen farfaɗo da numfashi, littattafan da suka riga 2005 sukan ce a danna ƙirji sau 15 a hura iska sau 2, na yanzu kuwa sau 30 ne da 2. Saboda haka a buɗe shafin farko a ga shekarar bugu. A fannin lafiya, sabon bugu ya fi tsoho ko da tsohon ya fi araha.

Na uku, don wace ƙasa aka rubuta shi? Yawancin littattafan jeji a Turai da Amurka aka rubuta su, inda babban abokin gaba shi ne sanyi. Babi a kan gina ɗaki da dusar ƙanƙara ba zai amfani mutumin Numan ba. Sukan ce a nemi tauraron arewa domin gane hanya da dare, amma a tsakiyar Nijeriya tauraron ƙasa-ƙasa yake, bai wuce digiri 7 zuwa 10 daga doron ƙasa ba, dutse ko hazon hunturu yana iya rufe shi. Abin da ya fi haɗari shi ne babin tsirrai. Ganyen da hoto ya nuna ana ci a Kanada yana iya kama da wani mai guba a nan. Mai karatu ya nemi babin zafi, ƙishirwa, sauro, maciji da gurɓataccen ruwa, gama su ne masu kisa a wannan yanki.

Na huɗu, yana tsara abubuwa bisa ga muhimmancinsu? Masu koyar da tsira suna da wani ƙiyasi mai sauƙin tunawa: mutum yakan jure minti 3 babu numfashi, kwana 3 babu ruwa, mako 3 babu abinci. Ƙiyasi ne kawai, a zafin bazara ma kwana ukun ba ya cika, amma yana nuna abin da za a fara nema. Littafin da ya cika shafuka da tarkon namun daji, ya ba ruwan sha shafi biyu, bai san aikinsa ba. Mai kyau zai faɗi ƙa'ida filla-filla: a bar ruwa ya tafasa sosai na minti 1; idan babu wuta, a zuba ruwa garai cikin farar gorar roba a shanya a rana mai ƙarfi na awa 6, ko kwana 2 idan akwai hadari; ga mai amai da gudawa, a dama ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Zai kuma yi gargaɗi cewa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato wajen idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota.

Na biyar, wane hali yake shukawa a zuciya? Akwai littattafan da ke cinikin tsoro. Suna koya wa mai karatu ya ɗauki maƙwabcinsa abokin gaba, ya tara makamai, ya ɓoye abinci shi kaɗai. Amma a lokacin ambaliya a ƙasar nan, masu kwalekwale da samarin unguwa ne sukan fara tsamo mutane kafin motocin hukuma su iso. Littafi mai kyau yana koyar da natsuwa, yana tuna da tsofaffi da masu ciki da naƙasassu, yana kuma faɗin iyakarsa, ya ce daga nan sai likita.

4. Inda littattafai suka saɓa wa juna

Mai karatu zai tarar wani lokaci littattafai biyu masu kyau suna ba da shawara mabambanta. Wannan ba abin ruɗewa ba ne. A ranar 24 ga Disamba 1971 wani jirgin sama ya tarwatse a kan kurmin ƙasar Peru, cikin mutum 92 Juliane Koepcke kaɗai ta rayu, tana da shekara 17. Mahaifinta, masanin halittu ne, ya taɓa koya mata cewa wanda ya ɓace a kurmi ya bi ruwa inda yake gangarawa, gama ƙaramin rafi yakan kai ga babba, babba kuma ga mutane. Ta bi rafi, bayan kwana 11 ta isa bukkar masu saran itace. A hamada kuwa shawarar akasin haka take: a zauna kusa da motar da ta lalace, a nemi inuwa, a guji tafiya da rana, domin mota ta fi mutum sauƙin hangowa, tafiya kuma tana ƙarar da ruwan jiki. Kowace shawara daidai take a wurinta. Shi ya sa ya kamata a nemi littafin da ke bayyana dalili. Wanda ya san dalilin ƙa'ida zai san ranar da ba ta aiki.

5. Littafin da ba a sayarwa a kanti

A ranar 1 ga Mayu 2023 ƙaramin jirgin sama ya faɗi a kurmin ƙasar Kolombiya. Manyan da ke ciki suka mutu, yara huɗu 'yan gida ɗaya suka rayu: mai shekara 13, mai 9, mai 4, da jinjiri ɗan wata 11. Sai bayan kwana 40 aka same su da rai. Sun ci garin rogon da ke cikin jirgin, da ya ƙare suka koma ga 'ya'yan itatuwan da manyansu suka koya musu tun suna ƙanana.

Wannan ilimi yana nan a gidajen ƙasar nan, sai dai yana tafiya tare da tsofaffi. Kaka ta san ɗinya da kanya da taura da tsada da aduwa, ta san murucin giginya da ganyen tafasa da yaɗiya. Ta san 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu da zaƙami guba ne. Tsohon maharbi ya san inda ake tona ruwa a busasshen rafi. Jikansu da ya tashi a birni mai yiwuwa bai san ko ɗaya ba. Wani likitan Birtaniya da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya ga darajar wannan sani har ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, a 1937 kuma ya fitar da babban littafi a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Abin da baƙo ya rubuta, 'ya'yan gida sun fi cancanta su rubuta. A sayi littafin rubutu mai kauri, a sa yara su zauna da kakanni, su rubuta sunan kowane tsiro da Hausa da kuma harshen gida, su je a nuna musu shi da ido. Gani ya kori ji.

6. Inda za a samu, da yadda za a karanta

A fara da shagunan littattafai na gari da ɗakunan karatu na jiha da na makarantu. Masu sayar da littattafan gwanjo sukan samu labaran gaskiya da araha, tsufansu kuwa ba laifi ba ne, amma na lafiya a nemi sabo. Kamfanin Hesperian mai buga littafin Werner ya sa yawancin abin da ke cikinsa a intanet kyauta, ana iya buga shafukan da aka fi bukata a ajiye. Ofisoshin Red Cross na jihohi suna koyar da taimakon farko. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Waɗannan ma abin karantawa ne.

Idan kuɗi ya yi wa gida ɗaya yawa, gidaje biyar sa iya. Zumuntar mata ko ƙungiyar matasa tana iya sayen littattafai shida ta ajiye a akwati a ikkilisiya, a riƙa aro ana mayarwa. Wannan ya dace ƙwarai, tun da harabar ikkilisiya da ta makaranta su ne wuraren da mutane sukan fara gudowa idan ruwa ko rikici ya kore su.

Karatun kansa a yi shi kaɗan-kaɗan. Babi ɗaya a mako ya isa. Wanda ya iya Turanci ya karanta ya fassara wa sauran. Bayan karatu a gwada da hannu: yaro ya ɗaure wa ƙanensa hannu da ɗankwali kamar ya karye, yarinya ta auna gishiri da sukari da kanta, kowa ya haddace lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da lambar wayar uba da ta uwa. A tsai da wurin haɗuwa idan an rabu. A sa takardun haihuwa da na makaranta da na fili cikin leda mai kauri, tare da tocila da ashana da littafin taimakon farko, a rataye inda kowa ya sani. Kada a manta da haɗarin cikin gida: hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ta sha kashe iyali gaba ɗaya cikin barci, ƙuna kuma ruwan sanyi mai gudana ake zuba mata na minti 20, ba manja ko ƙwai ko man goge baki ba.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Wane bala'i ne ya fi kusa da unguwar da iyalin ke zaune, ambaliya, gobara, saran maciji ko gudun hijira?
2. Idan akwai littafin lafiya a gidan, wace shekara aka buga shi, me kuma ya ce game da saran maciji?
3. Cikin yaran gidan, su nawa ne za su iya nuna 'ya'yan itatuwan daji biyar da ake ci da uku da ba a ci?
4. Idan ruwa ya shigo cikin dare, wa zai ɗauki jinjiri, wa zai riƙe kaka, ina kuma za a haɗu?

Kammalawa

Littafi mai kyau a wannan fanni yana da sanannen marubuci, bugunsa na kwanan nan ne, ya dace da ƙasar mai karatu, yana fara da abin da ya fi muhimmanci, yana kuma sa mutum ya tuna da maƙwabcinsa. Gidan da ya samu ɗaya na lafiya, ɗaya na jeji, ɗaya na labari, ya ƙara da littafin da yara suka rubuta daga bakin kakanni, ya yi tanadi mai kyau. Aikin da ya rage shi ne a sauke su daga kan kabad a karanta kafin damina ta faɗi. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.